Darasi na Tara: Wayar da ke Hannun Jami'ar Lafiya

Duk wanda ya taɓa zaman gidan haya a Kakuri, ko Nasarawa, ko Sabon Tasha, ya san wannan sallama. Hantsi ya dubi ludayi, maza sun fita nema, sai a ji murya daga bakin ƙofa: "Sannunku da gida! Ma'aikatan lafiya ne. Akwai yara 'yan ƙasa da shekara biyar?" A da, mai sallamar tana rungume da rajista, ga biro, ga allin da za ta yi wa bango alama. Yau allin yana nan, rajistar ma ba ta ɓace ba, sai dai sau da yawa za a ga waya a hannunta, tana tambaya tana latsawa. A nan ne wasu ke ɗaure fuska. Wata ta ce hoto ake ɗauka, wata ta ce ai sunayen masu karɓar tallafi ake rubutawa, wani dattijo kuma ya leƙo ya ce kada wanda ya buɗe baki sai an gaya masa inda maganar za ta je.

Dattijon nan yana da gaskiya. Wanda aka tambaya lafiyar iyalinsa ya cancanci ya san inda amsar za ta sauka, da abin da za a yi da ita. Amsar tambayarsa ce za mu bi a wannan darasi.

Su wa ke zuwa ƙofar gida?

A 1978 ƙasashen duniya suka taru a birnin Alma-Ata, suka amince cewa kiwon lafiya ya kamata ya fara daga inda mutane suke zaune, kafin a kai ga babban asibiti. A Nijeriya, wanda ya ɗauki wannan magana da gaske shi ne Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, kuma a 1992 ɗin aka kafa hukumar kula da lafiya a matakin farko ta ƙasa. Daga wannan tsari ne muka sami ƙananan asibitocin unguwa da jami'an da aka horar don aiki cikin jama'a. A 2018 aka ƙara da wani shiri na ɗaukar matan unguwa, a koya musu, su riƙa shiga gida-gida suna ba da shawara suna tura marasa lafiya asibiti. Jihar Kaduna tana da mazaɓu 255 a ƙananan hukumomi 23, kuma manufar gwamnati ita ce kowace mazaɓa ta sami aƙalla asibitin matakin farko guda ɗaya mai aiki.

Ke nan mai sallamar nan ba baƙuwa ba ce daga wata duniya. Sau da yawa 'yar unguwa ce, kun haɗu da ita a kasuwa, ko a coci, ko a gidan suna.

Lambar waya ta zama adireshi

Unguwannin kudancin Kogin Kaduna masana'antu ne suka tara su. Masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri a 1957, wasu masaƙun suka biyo baya, kamfanin haɗa motocin Peugeot ya buɗe a 1975, matatar mai kuma a 1980. Mutane suka taho daga ko'ina: Bajju, Atyap, Ham, Tibi, Idoma, Ibo, Yarabawa, Hausawa, suka tarar da Gbagyi a ƙasarsu, Hausa ta zama harshen da kowa ke ciniki da gaisuwa da shi. Da masaƙun suka yi ta rufewa a shekarun 2000, da kuma rikice-rikicen 2000 da 2002 suka sa iyalai da yawa suka canza unguwa, sai zama ya ƙara zama na tashi-sauka. Gari ya miƙa zuwa Romi, da Gonin Gora, da Kamazou. A yawancin waɗannan wurare gida ba shi da lamba. Kwatance ake yi: bayan makarantar firamare, kusa da mai niƙa, gida mai jan ƙyaure.

To, ku duba abin da wannan ke jawowa. Rigakafin yaro ba allura ɗaya ba ce. Ana farawa ranar haihuwa da na tarin fuka, da ɗigon shan inna, da na ciwon hanta. Sai a dawo yana da mako 6, da mako 10, da mako 14. Sai wata 9, a yi masa na ƙyanda da na shawara, sannan a maimaita na ƙyanda a wata 15. Zuwa shida ke nan, cikin fiye da shekara. A tsakanin nan kuɗin haya na iya ƙarewa, iyali su kwashe kaya daga Makera su koma Narayi. Jami'a ta zo neman yaron da bai dawo allurar mako 14 ba, a ce mata, "Ai sun tashi, Malama, ba mu san inda suka koma ba." A zamanin rajista kaɗai, maganar ta ƙare a nan. Yaron ya ɓace wa asibiti, ya zauna da rabin kariya.

Wayar salula ta fara yaɗuwa a Nijeriya a 2001. Cikin 'yan shekaru ta zama abin da mutum ke tashi da shi duk inda ya koma. Shi ya sa idan kuka je awo ko rigakafi ake tambayar lamba. Da ita za a kira a ce, "Maman jariri, ranar Talata ce fa allurar yaronki, ko kin tashi ki je asibitin da ya fi kusa da ke, ki riƙe katinsa." Wannan kira na minti ɗaya yana cikin mafi arhar abubuwan da ke ceton rai a aikin lafiya, kuma ba ya bukatar babbar waya. Ƙarama mai madannai ta isa.

Abin da nake roƙon kowane ɗalibi a nan: ka haddace lambarka, ka iya rubuta ta da hannunka. Idan ka canza layi, ka gaya wa asibitin. Lamba ɗaya da aka rubuta ba daidai ba ta isa ta raba yaro da allurarsa.

Ina bayanin yake tafiya?

Kowane asibitin unguwa yana da rajistoci: ta awo, ta haihuwa, ta rigakafi, ta marasa lafiya. A ƙarshen wata ana tattara jimilla a cike fom, a kai wa jami'in ƙididdiga na ƙaramar hukuma, a Makera idan Kaduna ta Kudu ce, a Kujama idan Chikun ce. Daga nan a shigar da shi cikin wata manhaja mai suna DHIS2, wadda aka ƙirƙira a Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway, Nijeriya kuma ta ɗauke ta a matsayin rumbun alƙaluman lafiya na ƙasa. A wuraren da aka raba waya ko ƙaramar kwamfutar hannu, ana iya shigar da alƙaluman kai tsaye ba tare da jiran wanda zai ɗauki takarda ba. Abin da ke hawa sama a rahoton wata-wata adadi ne: mata nawa suka zo awo, yara nawa aka yi wa allura, mutum nawa aka gwada aka sami zazzaɓin cizon sauro. Da waɗannan alƙaluma ake lissafin maganin da za a turo, da allurar da za a ajiye a firji, da gidan sauron da za a raba.

A nan ne faɗin gaskiya ke da nauyi. Idan gida mai yara bakwai ya ce uku ne saboda kunya ko tsoro, to, na uku za a lissafa. Idan an ce goma don ana zaton rabon kuɗi ne, wata unguwa ce za ta rasa nata kason. Haka ma jami'in da ya zauna a gindin mangwaro ya cike fom da ka, ya cuci unguwar da aka aike shi, ko da kuwa babu wanda ya gan shi.

Wannan matsala ta ƙarshe ita ce ta sa aka fara ba masu ɗigon shan inna waya mai nuna inda mutum ya taka. A jihohin Arewa, musamman Kano, an riƙa sa wa ayarin rigakafi irin wannan waya a jaka, da yamma a duba taswira a ga lungun da aka shiga da wanda aka tsallake, washegari a koma. An kuma yi wani tsari da ake tura wa masu unguwanni, da masu maganin gargajiya, da ungozoma ɗan gajeren bidiyo a waya, ana tambayarsu ko sun ga yaron da ƙafarsa ko hannunsa ya saki farat ɗaya. A Borno aka ga na ƙarshe da ƙwayar shan inna ta daji ta kama a Nijeriya, a 2016, kuma ranar 25 ga Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita. Ƙafafun mata masu shiga gida-gida ne suka yi wannan aiki, waya kuma ta nuna musu ƙofar da ta rage. Har yanzu ana ɗigon, domin akwai wani nau'in ƙwayar da ke yawo a inda rigakafi ya yi ƙaranci.

Akwai kuma bayanin da ba ya jiran ƙarshen wata. Amai da gudawa, sanƙarau, ƙyanda, mashaƙo, zazzaɓin Lassa: waɗannan da zarar an yi zargi sai a kai rahoto. Lokacin da cutar Ebola ta shigo Legas a watan Yulin 2014, masu bin sawun waɗanda suka yi hulɗa da marasa lafiya sun yi amfani da waya wajen aika zafin jikin mutane kullum. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, aka shawo kan cutar zuwa 20 ga Oktoba. Daga darasin wannan annoba ne hukumar daƙile cututtuka ta ƙasa, tare da masu bincike daga Jamus, suka samar da manhajar SORMAS, wadda jami'an sa ido na ƙananan hukumomi ke aika rahoto da ita. Saƙon da a da zai kwana uku a hanya, yau yana isa Kaduna da Abuja kafin jami'in ya bar unguwar. Ku ma kuna da ƙofa a nan: lambar hukumar ita ce 6232, kyauta ce. Idan yara uku a layi ɗaya suka kwanta da irin ciwo ɗaya cikin kwana biyu, a gaya wa asibitin unguwa nan take.

Abin da wayar ke taya jami'a a gaban mara lafiya

Jami'ar unguwa ba likita ba ce, ita ma ta san haka. Aikinta shi ne ta gane wanda za a iya kula da shi a gida da wanda dole a garzaya da shi. Wasu manhajojin suna bin ta da tambayoyi ɗaya bayan ɗaya don kada ta manta komai. Yaro mai tari, za ta kunna agogon waya ta ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cif. Idan yana tsakanin wata 2 da wata 11 kuma ya kai 50, ko yana tsakanin shekara 1 da 5 ya kai 40, numfashin ya yi sauri, ana zargin ciwon haƙarƙari. Za ta ɗaura masa ɗan tef mai launi uku a damtse. Idan ya tsaya a ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani, ba ta jira. Da damina kuma, lokacin da ake raba wa yara 'yan wata 3 zuwa wata 59 maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro wata-wata, ana rubuta wanda ya sha da wanda ba a tarar ba, don a komo masa.

Ga mai juna biyu, waya tana da wani aiki da ya fi duk waɗannan gaggawa. Zubar jini, ciwon kai mai tsanani tare da dishi-dishin gani, kumburin fuska da hannu, jijjiga, naƙudar da ta wuce yini, ɗa ya daina motsi: kowanne daga cikinsu na nufin a tashi yanzu. Mazauna kudancin kogi suna da asibitoci kusa, akwai na Gwamna Awan da na St. Gerard a Kakuri, akwai babban asibitin Sabon Tasha. Amma da ƙarfe biyun dare, kilomita uku ma tafiya ce mai nisa ga wadda ba ta da abin hawa. Saboda haka tun ciki yana wata bakwai a nemi lambar mai keke ko mai mota da aka yarda da shi, a yi magana da shi, a ajiye lambar a wayar miji da ta mata da ta maƙwabciya, a kuma rubuta ta a takarda a liƙa a bango. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112.

Masu 'yan'uwa a ƙauye wataƙila sun ji labarin jiragen nan marasa matuƙi na kamfanin Zipline, waɗanda suka fara tashi daga Pambeguwa a 2022. Ma'aikacin asibiti ne ke aika saƙo ta waya, jirgin ya kawo allurar rigakafi ko magani ya sauke da 'yar lema.

Inda waya ke gazawa

Ba zan ɓoye muku wannan ɓangare ba, domin littafin da ya yabi abu kawai bai koyar da shi ba.

A gidaje da yawa waya ɗaya ce, kuma tana aljihun maigida. Saƙon tunin awo ya shigo yana bakin aiki a Kudenda, ya gani ya manta, ko ya ɗauka talla ce ya goge. Maza da ke cikin wannan aji, wannan nauyi a wuyanku yake. Saƙon asibiti amana ce da aka ba ku ku isar. Wani saƙon kuma da Turanci yake zuwa, ga wadda ba ta karanta ko Hausa ba. Shi ya sa kira da murya ya fi rubutu amfani a unguwanninmu, shi ya sa kuma karatun da kuke yi a nan yake da alaƙa da lafiyar 'ya'yanku kai tsaye. Wanda ya iya karanta "Talata, 14 ga wata" ba ya bukatar ya kai wa wani sirrin iyalinsa ya karanta masa.

Sai wuta da sabis. Waya ba caji itace ce. Daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamban 2021 an rufe layukan sadarwa a wasu sassan Jihar Kaduna saboda matsalar tsaro, har da wasu yankunan Chikun. A waɗannan makonni duk wanda ya dogara da kira kaɗai ya ga iyakarsa, katin takarda da rajista su ne suka riƙe aiki. Kada wanda ya yar da katin rigakafi ko katin awo don an ce an shigar da sunansa a waya. A sa shi a leda, a ajiye inda ruwa da ɓera ba za su kai ba.

Akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya game da su kansu ma'aikatan. Sau da yawa ana ba jami'a waya ba a ɗauke mata rajista ba, sai aikin ya zama biyu: ta rubuta a takarda, ta sake latsawa a waya, mara lafiya yana zaune yana kallon ƙeyarta. Wata da kuɗin aljihunta take sayen data da biyan caji. Wani shirin kuma da zarar masu ba da tallafi sun tafi, sai wayoyin su koma cikin durowa. Wanda ya tsara irin wannan aiki daga ofis ya kamata ya yi yini ɗaya yana bin jami'a a lungunan Nasarawa cikin ruwan Agusta kafin ya ƙara mata fom. Kuma ko saƙo ya isa cikin daƙiƙa, idan mai naƙuda ta je ta tarar babu ungozoma a bakin aiki, ko babu jini, saurin saƙon bai amfane ta da komai ba. Kwamitin ci gaban mazaɓa, wanda ke sa ido kan asibitin unguwa, an kafa shi ne don irin wannan koke. Ku san 'yan kwamitin mazaɓarku.

Sirri, da 'yan damfara, da jita-jita

Mu koma ga dattijon nan na bakin ƙofa. Yana da damar ya nemi katin shaidar aiki. Yana da damar ya tambayi wace hukuma ce ta aiko, kuma me za a yi da bayanin. A 2023 Nijeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a, wadda ta sa bayanin lafiya cikin waɗanda ake tsananta tsaronsu. Jami'a ba ta da izinin ɗaukar hoton mara lafiya ba da yardarsa ba, balle ta tura wa ƙawaye. Idan ana tambayar abin da ya shafi ciki, ko tazarar haihuwa, ko cuta mai karya garkuwar jiki, mace tana iya cewa, "Anti, mu shiga daga ciki," kuma dole a saurare ta.

Ma'aikacin lafiya na gaskiya ba ya tambayar lambar sirrin katin banki, ba ya kuma cewa a karanto masa lambobin da suka shigo waya. Duk wanda ya kira ya ce daga asibiti yake, za a sa ku a inshora ko a turo tallafi, sannan ya nemi waɗannan, ɓarawo ne. A kashe wayar.

Wayar da ke kawo tunin allura ita ce kuma ke kawo ƙarya. A watan Agustan 2014 saƙo ya zagaya ƙasar nan cikin dare cewa wanka da ruwan gishiri da shan sa na kare mutum daga Ebola. Mutane suka tashi 'yan'uwansu daga barci, aka sha, wasu suka kwanta asibiti, wasu suka rasa rayukansu. Waɗanda suka tura saƙon ƙauna ce ta sa su. Kafin ka tura maganar magani a WhatsApp, ka nuna wa ma'aikacin lafiya. A gefe guda kuma, tun 2010 hukumar NAFDAC ta fito da hanyar gane jabun magani: a jikin kwalin wasu magunguna, musamman na zazzaɓin cizon sauro, akwai wurin da ake kankarewa kamar katin waya, a tura lambar zuwa gajeriyar lambar da aka rubuta a jiki, amsa ta dawo kyauta ko na gaske ne. Ku yi wannan tun kuna tsaye a gaban mai kemis.

Sababbin kalmomi

Manhaja: tsarin da ake sa wa waya ko kwamfuta don ta yi wani aiki.
Alƙaluma: lambobin da ke nuna yawan abu.
Sa ido kan cututtuka: lura da ɓullar cuta da kai rahotonta da wuri.
Tamowa: ciwon da rashin isasshen abinci mai gina jiki ke jawo wa yaro.

Tambayoyi

1. Me ya sa lambar waya ta fi kwatancen gida amfani ga jami'ar lafiya a unguwanni irin su Romi da Gonin Gora?
2. Sau nawa ake kai yaro rigakafi daga haihuwa zuwa wata 15? Faɗi lokutan.
3. Wace illa ke biyo baya idan aka rage ko aka ƙara yawan yaran gida?
4. Yaro ɗan shekara 2 ya yi numfashi 46 a minti ɗaya. Me wannan ke nunawa?
5. Wane abu ne ma'aikacin lafiya na gaskiya ba zai taɓa tambayar ka ta waya ba?

Aiki

Ku kasu biyu-biyu. Ɗaya ya zama jami'ar lafiya, ɗaya ya zama mai gida da ke son sanin inda bayaninsa zai je, sannan ku yi musanya.

A gida, kowa ya sami takarda ya rubuta lambobi huɗu da hannunsa: tasa, ta asibitin unguwa ko ta jami'ar da ke zuwa gidansu, ta mai abin hawan da zai iya fitowa cikin dare, da 112. Wanda ke da yaro ƙasa da shekara 2 ya zo da katin rigakafinsa a zama na gaba, mu karanta ranar komawa tare.